Rayuwa a Cikin Jirgin Yaƙi na Distroya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk sanda rikici ya taso a Bahar Maliya ko a mashigin Hormuz, sai a ji a labarai cewa wata ƙasa ta tura distroya. A nuna hoton jirgi ruwan toka daga nesa, wani lokaci da makami mai linzami yana tashi daga cikinsa, shi ke nan. Mutum 300 da ke kwana suna tashi a cikin wannan ƙarfe ba a cika jin ɗuriyarsu ba, kuma su ne waɗannan amsoshi suka fi damuwa da su. Yawancin misalan daga rundunar ruwan Amurka da ta Birtaniya suke.

Wane irin jirgi ne distroya?

A ƙarshen ƙarni na 19 aka ƙirƙiro tofido, wato bam mai gudu a ƙarƙashin ruwa, sai ya zamana ɗan ƙaramin kwalekwale mai sauri yana iya nutsar da ƙaton jirgin yaƙi. Dole aka nemi jirgin da zai fi kwalekwalen gudu da ƙarfi, ya tare shi tun kafin ya matso. Sifaniya ta fito da Destructor a 1887, Birtaniya ta biyo baya da HMS Havock a farkon shekarun 1890. Tun daga nan aikin distroya ya zama rakiya: ya tsaya tsakanin babban jirgi da duk abin da ke neman halaka shi, ko jirgin ƙarƙashin teku ne, ko jirgin sama, ko makami mai linzami.

Girman ne ya canja. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera distroya 175 samfurin Fletcher, kowanne tsawonsa kimanin mita 115, nauyinsa tan 2,000 da ɗoriya, bangonsa siririn ƙarfe ne. Na yau, samfurin Arleigh Burke da ya fara aiki a 1991, tsawonsa kimanin mita 155 ne, nauyinsa kuma yana kai tan 9,000 har ya wuce. Injuna 4 irin na jirgin sama ne ke tura shi, yana gudun fiye da kilomita 55 a sa'a, kuma a doronsa akwai ramuka 90 ko 96 da ake harba makamai masu linzami daga cikinsu.

Mutum nawa ne a ciki, kuma wa ke da ta cewa?

Kimanin 300, wani jirgin ya ɗan haura. Hafsoshi ba su fi 30 da wani abu ba, sauran duk ƙananan sojoji ne da manyansu, kuma da yawa daga cikinsu matasa ne 'yan shekara 19 zuwa 25. Shugaban jirgi galibi mai muƙamin kwamanda ne, amma a cikin jirginsa kyaftin ake kiransa. Komai ya faru a wuyansa yake, ko yana barci ko idonsa biyu, shi ya sa ɗakinsa na teku yake dab da ɗakin tuƙi, kuma akwai rubutaccen umarni na abubuwan da dole a tashe shi a kansu ko da tsakar dare ne. Mataimakinsa shi ke riƙe da horo da tsarin yini.

Sai dai duk wanda ya san aikin ya san cewa tsofaffin sojojin da ake kira cif su ne ke tafiyar da jirgi. Sun shekara 10, wasu 20, a kan inji ɗaya ko na'ura ɗaya. Sabon hafsa mai hankali yakan saurare su kafin ya buɗe baki.

A ina suke kwana?

Ƙananan sojoji a ɗakunan haɗaka suke kwana, mutum 30, 40, har fiye a ɗaki guda, kuma wasu ɗakunan ƙasa da fuskar ruwa suke. Gadaje hawa 3 ne. Tsakanin katifarka da ƙarfen gadon sama bai fi rabin mita ba, don haka ba zama, sai dai ka shiga a kwance, ka juya da dabara. Akwai ɗan labule mai launin shuɗi, da ɗan fitila a wajen kai, da madauri da ake ɗaurawa don kada igiyar ruwa ta wurgo mutum ƙasa. Idan ka ɗaga katifar, ƙarƙashinta akwati ne marar zurfi sosai, nan za ka jera kayan sawa da sabulu da duk abin da ka mallaka na wata 7. Kusa da gadon kuma akwai wata jaka mai ɗauke da hular numfashi ta gaggawa, wadda za ta ba ka iskar 'yan mintoci idan hayaƙi ya turnuƙe ɗakin.

Da dare jar fitila kawai ake kunnawa, don kada idon mai fita gadi ya dushe. Shiru kuwa babu shi. Fanka tana kaɗawa, famfo yana aiki, ruwa yana dukan bango, wani yana shigowa daga aiki yana tashin wanda zai canje shi. Sabon soja ana sa shi ya koyi fita daga gadonsa zuwa waje da ido a rufe, yana lalube da hannu. Amfanin wannan zai fito a gaba.

Yaya yini guda yake a tsakiyar teku?

Ƙarfe 6 na safe lasifika ke tashin jama'a, ƙarfe 10 na dare a kashe fitilu, amma wannan a takarda ne. Jirgi ba ya tsayawa, saboda haka kowane lokaci akwai mutane a ɗakin tuƙi, da ɗakin inji, da ɗakin yaƙi, wani ɗaki mai duhu da sanyi inda ake zaune gaban allunan rada. A jiragen Amurka, har zuwa 2017, an daɗe ana bin tsarin sa'a 5 kana gadi, sa'a 10 kana hutu. Matsalar ita ce hutun ba hutu ba ne, domin a cikinsa za ka yi aikin sashenka, ka halarci atisaye, ka ci abinci, ka yi karatun neman ƙarin girma. Kuma tunda 5 da 10 sun haɗa 15, lokacin barcinka yana ta zagayawa: yau ka kwanta da rana, gobe da asuba, jiki bai taɓa sabawa ba.

Sauran yinin kuma shara ne da goge-goge da yaƙi da tsatsa. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe ba dare ba rana, don haka kullum akwai masu kankare tsohon fenti suna shafa sabo. Kowane famfo, kowace ƙofa, kowace tukunyar kashe gobara tana da katin da ya faɗi ranar duba ta da yadda za a duba. Aiki ne mai gundura, kuma a kansa rayuka suka rataya, domin ƙofar da ba a shafa wa mai ba ita ce za ta ƙi rufuwa ranar da ruwa ya shigo.

Ina suke samun abinci da ruwa da mai?

Ana dafa abinci sau 4, na huɗun da tsakar dare saboda masu canjin gadi. Makon farko bayan barin tasha akwai ɗanyen ganye da 'ya'yan itace da madara, daga nan sai a koma na firji da na gwangwani. Sabbin sojoji sukan yi 'yan watanni suna taya kuku wanke-wanke kafin su koma sashensu. Ruwan sha daga teku ake tace shi. Idan na'urar ta samu matsala sai a taƙaita wanka: ka jiƙa jiki, ka rufe famfo, ka shafa sabulu, ka buɗe ka ɗauraye.

Shan mai kuwa abin kallo ne, kuma abin tsoro. Distroya yakan matso gefen tankar mai alhali dukansu suna tafiya, kimanin kilomita 24 a sa'a, tsakaninsu mita 50 ko makamancin haka. Sai a harba siririyar igiya da bindiga zuwa ɗaya jirgin, sojoji su yi layi su ja ta da hannu, ita ta jawo mai kauri, mai kaurin ta jawo wayar ƙarfe, sannan tiyon mai ya zamo a kan wayar ya shiga bakinsa. Haka za a jera sa'a 1 ko 2, mai riƙe da sitiyari ba ya kauce wa hanya ko da digiri ɗaya ba tare da umarni ba. A wannan lokaci ne jirgi mai saukar ungulu ke sauke buhunan abinci da wasiƙun gida.

Gaskiya ne ba a shan giya? Ibada fa?

A jiragen Amurka an hana giya tun 1914, zamanin sakataren rundunar ruwa Josephus Daniels. Abin da aka bari kawai shi ne idan jirgi ya yi kwana 45 a jere bai shiga tasha ba, kwamanda na iya ba da izinin gwangwani 2 ga mai so. Birtaniya ta ci gaba da raba wa sojojinta barasa kullum har ranar 31 ga Yuli, 1970.

Ibada kuma ana yin ta gwargwadon hali. Ƙaramin jirgi sau da yawa ba shi da limami ko fasto na dindindin, sai wani daga cikin sojojin ya jagoranci 'yan uwansa. Musulmi yana da sauƙi guda: a ɗakin tuƙi an san inda jirgi yake da inda ya dosa a kowane minti, don haka gano alƙibla ba wuya. Wuyar ita ce samun wuri da lokaci tsakanin gadi da gadi, da tsayuwa a kan ƙafa idan teku ya hargitse.

Idan mutum ya kamu da ciwo fa?

Yawancin distroya ba su da cikakken likita. Akwai ƙwararren ma'aikacin lafiya na soja da mataimaka 1 ko 2, shi ne mai ɗinki, shi ne mai ba da magani, shi ne mai yanke shawarar ko a kira jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke majiyyaci zuwa babban jirgi ko tudu. Ciwon da ya fi yawa shi ne jiri da amai, domin distroya siriri ne, ruwa yana jujjuya shi fiye da manyan jirage. Idan guguwa ta taso ana ɗaure kujeru da tukwane, a hana kowa fita waje, a ci busasshen abinci da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ƙarfe.

Guguwa tana kisa. A watan Disamba na 1944 mahaukaciyar guguwa ta rutsa da rundunar Admiral Halsey ta Amurka a gabas da Filifin. Distroya 3, Hull da Monaghan da Spence, suka kife, mutum kusan 790 suka halaka a rundunar, ba tare da abokin gaba ya harba ko harsashi ɗaya ba. Wasu daga cikin jiragen tankokin mansu sun kusa ƙarewa, sai suka yi sakayau a kan ruwa.

Me ke faruwa idan aka buga ƙararrawar yaƙi?

Kowa yana da wurinsa, kuma cikin 'yan mintoci ake so ya isa. Don kada a yi karo a lunguna, mai zuwa gaba ko sama yana bin ɓangaren dama, mai zuwa baya ko ƙasa yana bin hagu. Ana cusa ƙafar wando cikin safa, a ɓalle maɓallin wuya, a sa hular yadi da safar hannu masu kare fata daga walƙiyar wuta. Sannan a rufe dukkan ƙofofin ƙarfe, jirgin ya rabu ɗaki-ɗaki, ta yadda idan ruwa ko wuta ya ci ɗaya ba zai tsallaka na gaba ba.

Kaɗan ne daga cikin mutum 300 ke harbi. Mafi yawa suna zaune ne a rufaffun ɗakuna, ba su ganin komai, sai abin da lasifika ta faɗa musu, suna jiran a ce ga inda aka samu rauni. Kuku da mai wanki da akawu duk 'yan kwana-kwana ne, an koya musu riƙe tiyo, da toshe ɓaraka da katako da katifa, da tokare bango da gungume.

Wane yaƙi ne aka fi tunawa da distroya a cikinsa?

Da yawa. A Dunkirk ta ƙasar Faransa a 1940, distroya ne suka kwashe babban kaso na sojoji 338,000 da aka tserar daga hannun Jamus, Birtaniya ta rasa 6, Faransa ta rasa 3. A Okinawa a 1945 an jera su can gaba da runduna don su fara hango jiragen ƙunar baƙin wake na Japan, sai suka zama su ne ake fara faɗa wa. USS Laffey a ranar 16 ga Afrilu jirage 22 suka far masa, 6 suka faɗo a kansa, bama-bamai 4 suka same shi, mutum 32 suka mutu, amma bai nutse ba. Yana nan a ajiye a jihar South Carolina ana zuwa kallo.

Amma wanda ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne na kusa da tsibirin Samar a Filifin, ranar 25 ga Oktoba, 1944. Da sassafe wata ƙaramar rundunar Amurka, ƙananan jiragen dakon jiragen sama 6 da 'yan rakiyarsu 7, ta wayi gari ga babbar rundunar Japan ta Admiral Kurita a kanta, har da Yamato, jirgin yaƙi mafi girma a duniya a lokacin, mai bindigogin da bakinsu ya kai santimita 46. Manyan jiragen Amurka sun tafi arewa, babu mai ceto. Kwamanda Ernest Evans na USS Johnston, ɗan asalin ƙabilun Cherokee da Creek, bai jira umarni ba. Ya saki hayaƙi don ya ɓoye jiragen da yake karewa, ya juya ya nufi abokan gaba shi kaɗai, ya harba tofido 10 da yake da su, ɗaya ya fasa goshin babban jirgin Japan mai suna Kumano. Daga nan manyan harsasai suka same shi, inji ɗaya ya mutu, Evans ya rasa yatsu 2. Duk da haka ya koma fagen ya taya 'yan uwansa jiragen rakiya, Hoel da Heermann da Samuel B. Roberts. Da ɗakin tuƙi ya lalace, sai ya koma can bayan jirgi, yana ɗaga murya ta wata ƙofa yana ba da umarni ga mutanen da ke juya jirgin da ƙarfin hannu a ƙasa.

Johnston ya nutse, haka Hoel da Samuel B. Roberts. Cikin mutum 327 na Johnston, 141 ne suka rayu, kuma da yawa daga cikin mamatan a ruwa suka cika, suna jiran ceto kwana 2 ga raunuka ga kifayen shak. Evans bai tsira ba. Kurita kuwa ya ɗauka babbar runduna ce ya ci karo da ita, ya juya ya koma. A 2021 aka tabbatar da gawar jirgin Johnston a zurfin da ya kusa kilomita 6 da rabi.

To bayan Yaƙin Duniya fa?

A yaƙin tsibiran Falkland tsakanin Birtaniya da Ajantina, ranar 4 ga Mayu, 1982, makami mai linzami samfurin Exocet da jirgin saman Ajantina ya harba ya samu distroyan Birtaniya HMS Sheffield. Ya fasa babban bututun ruwan kashe gobara, baƙin hayaƙi ya cika jirgin, mutum 20 suka mutu, daga bisani aka bar shi, ya nutse ana cikin jan sa. Makonni 3 bayan haka bama-bamai suka kifar da HMS Coventry, mutum 19 suka rasu. Daga wannan yaƙi aka koyi cewa tufafin roba suna narkewa su manne a fata, aka koma auduga da yadi mai jure wuta.

Ranar 12 ga Oktoba, 2000, USS Cole yana shan mai a tashar Adan ta ƙasar Yaman, wani ƙaramin kwalekwale maƙare da bam ya matso ya tashi. Ɓarakar ta kai faɗin mita 12, kusa da kicin, daidai lokacin da ake layin abincin rana. Mutum 17 suka mutu. Waɗanda suka rage sun yi kwanaki cikin zafi da duhu suna kwashe ruwa, wani lokaci da bokiti, suna kwana a waje a kan ƙarfe, har suka hana jirgin nutsewa. An gyara shi ya koma aiki. A Oktoban 2023 kuma USS Carney ya shafe sa'o'i a Bahar Maliya yana kakkaɓo makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa da 'yan Houthi na Yaman suka harbo. A irin wannan yaƙi, daƙiƙu kaɗan ne tsakanin ganin ɗigo a allon rada da yanke hukunci.

A lokacin zaman lafiya ai babu haɗari ko?

Shekarar 2017 ta amsa wannan. Ranar 17 ga Yuni, wajen ƙarfe 1:30 na dare, wani jirgin dakon kaya ya daki USS Fitzgerald kusa da gaɓar Japan. Goshinsa na ƙarƙashin ruwa ya huda ɗakin kwana mai mutum 35. Cikin ɗan lokaci ruwa ya kai wuya, katifu da akwatuna suna yawo cikin duhu. Mutum 28 suka lalubo tsani suka fita, suna jan juna, 7 suka rage a ciki. Wata 2 bayan nan, ranar 21 ga Agusta, USS John S. McCain ya yi karo da tankar mai kusa da Singafo bayan an rikice wajen sarrafa na'urar tuƙi, mutum 10 suka mutu, su ma a ɗakin kwana.

Binciken da aka yi ya nuna gajiya da ƙarancin horo da yawan aika jirage aiki ba hutu. An cire kwamandan runduna ta 7, wato reshen rundunar ruwan Amurka da jiragen biyu ke ƙarƙashinsa, aka kuma umarci jirage su koma tsarin gadin da zai bar mutum ya riƙa barci a lokaci ɗaya kullum. Abin takaici ne a ce sai da sojoji 17 suka mutu a ɗakunan kwanansu kafin a ɗauki barcin soja da muhimmanci, alhali masu aikin sun daɗe suna kuka da shi.

Sauran aikin zaman lafiya kuwa sintiri ne, da atisaye da ƙasashe abokai, da ceton waɗanda jirginsu ya lalace, da farautar 'yan fashin teku. Daga kan USS Bainbridge ne aka kuɓutar da kyaftin Richard Phillips na wani jirgin dakon kaya daga hannun 'yan fashin Somaliya a Afrilun 2009.

Yaya suke yi da iyali?

Tafiya ɗaya takan ɗauki wata 6 zuwa 9, kuma ana iya ƙara ta ba shiri. A 2020, saboda annobar korona, USS Stout ya yi kwana 215 a teku. Akwai saƙon imel, wasu jiragen an fara sa musu intanet ta tauraron ɗan adam, amma da zarar aiki ya yi tsanani sai a katse komai ba tare da sanarwa ba, na gida su yi ta zullumi. Ana haihuwa, ana rasuwa, mutum yana tsakiyar ruwa. A rundunar Amurka, ranar dawowa waɗanda aka yi wa haihuwa suna cikin masu fara sauka.

Akwai mata a ciki?

Akwai. Amurka ta soke dokar hana su aiki a jiragen yaƙi a 1993. Suna da ɗakin kwanansu daban, aikin kuwa iri ɗaya ne, kuma mata da dama sun riƙe distroya a matsayin kyaftin.

Najeriya tana da distroya?

Ba ta da shi. Babban jirgin yaƙin da aka san ta da shi shi ne NNS Aradu, wanda aka ƙera a Jamus ya fara aiki a 1982, kuma shi ajin da ke ƙasa da distroya ne. Akwai kuma NNS Thunder da NNS Okpabana, tsofaffin jiragen tsaron gaɓar tekun Amurka. Sabon Arleigh Burke guda yana cin fiye da dala biliyan 2, ban da kuɗin mai da gyara da horar da mutum 300. Matsalolin mashigin tekun Gini kuwa, satar ɗanyen mai da fashi da kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, sun fi buƙatar jiragen sintiri masu yawa da ake kula da su yadda ya kamata. Matashin da ya shiga rundunar ruwan Najeriya zai tarar da gado mai hawa-hawa, da gadin dare, da yaƙi da tsatsa, da atisayen kashe gobara, kamar yadda takwaransa na distroya yake tararwa.